Barci a Hanya: Na'urar Numfashi Mai Batir da Lissafin da Ke Kai Ta Asuba

Akwai wani shiru da ya fi minshari ban tsoro. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da mai ɗaukewar numfashi a cikin barci ya san shi. Minshari na tashi yana sauka, sai kwatsam ya yanke, ɗaki ya yi tsit, ƙirji na ta kokawar ɗagawa amma iska ba ta wucewa. Daƙiƙa goma, ashirin, wani lokaci fiye da haka, kafin mutumin ya zabura da wata irin shaƙa kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya gyara kwanciya, ya koma. Da safe in ka tambaye shi sai ya ce ai barcinsa ya sha lafiya lau, illa dai ciwon kai da kasala da bai san daga ina suke ba.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro ba mai wuyar ganewa ba ne. Idan barci ya yi nauyi, tsokokin da ke riƙe da harshe da tattausan naman bayan ganɗa suna saki. Ga yawancin mutane hanyar iska ƙuntata kawai take yi. Ga wasu kuwa, saboda ƙiba ko kaurin wuya ko yadda muƙamuƙinsu yake, rufewa take yi ruf. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta ankara ta tayar da mutum na ɗan ƙiftawar ido, hanya ta buɗe, barci ya dawo, a sake. Likitoci suna ƙirga kowace tsayawa da ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, su haɗa da lokutan da iskar ta ragu ƙwarai ba ta yanke ba, su raba da awannin barci. Daga sau 5 zuwa ƙasa da 15 a awa ɗaya, ciwon mai sauƙi ne. Daga 15 zuwa 30 matsakaici ne. Abin da ya haura 30 mai tsanani ne. Wanda ke da 40 a awa, in ya kwanta awa 7, sau 280 ke nan jikinsa ya shiga wannan fargaba kafin gari ya waye, kuma zuciya ce ke biyan kuɗin: hawan jini, rikicewar bugun zuciya, haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da wannan lalura a duniya, miliyan 425 daga cikinsu a matakin matsakaici ko mai tsanani.

Maganin da ya fi kowanne karɓuwa ya fito ne daga birnin Sidni na Ostireliya. A watan Yunin 1980 wani likita mai suna Colin Sullivan ya haɗa injin hura iska da tiyo, ya manna wa wani majiyyaci a hanci, ya riƙa ƙara ƙarfin iskar a hankali har numfashin ya daina yankewa. A 1981 ya buga sakamakon gwajinsa a kan mutum biyar a mujallar Lancet. Na'urar da ta samo asali daga nan ita ce ake rubutawa CPAP, ake kuma kira sifaf. Ba oksijin take bayarwa ba, kuma ba ita ke yi wa mutum numfashi ba. Iskar ɗaki take zuƙa ta cikin matata, ta tura ta da wani matsi wanda bai taka kara ya karya ba, wannan matsin ya tokare hanyar iska don kada ta rufe. Ana auna shi da santimitar ruwa, wato ƙarfin da zai iya ɗaga ruwa a siririn bututu santimita kaza, kuma yawancin na'urori suna aiki tsakanin 4 da 20. Wasu matsi ɗaya suke riƙewa har safe, wasu suna sauraren numfashi su ƙara ko su rage da kansu, wasu kuma matsi biyu gare su, na shaƙa da na fitarwa.

Abin da ya sa maganar tafiya ta zama babba shi ne sifaf ba ta warkarwa. Kamar tabarau take, muddin yana ido ana gani, aka cire an koma gidan jiya. Na sha jin masu amfani da ita suna cewa kwana uku ne kacal za su yi, ba sai sun ɗauki wahalar jan kaya ba. Wannan magana tana damuna, domin an gwada ta an ga ƙarshenta. Tun a 1993 wani bincike a Amurka ya nuna cewa dare ɗaya ba tare da na'urar ba ya isa ya shafe kusan duk wartsakewar da mutum ya samu da rana. A 2011 kuma wasu masu bincike a Zurik ta Suwizalan sun janye na'urar daga wasu majiyyata na mako biyu, ciwon ya dawo da sauri, jininsu ya hau, bugun zuciyarsu ya ƙaru. Sannan ka tuna me matafiyi ke yi washegari. Sau da yawa sitiyari zai riƙe, a kan hanyar da bai saba da ita ba, da gajiyar jiya a jikinsa. Mai wannan ciwo da ba a yi wa magani ba, haɗarin da ke kansa na yin hatsarin mota ya ninka na sauran direbobi fiye da sau biyu. Daren da ake ganin za a iya yafewa, sau da yawa shi ne wanda ya fi buƙatar na'urar.

Daga nan ne kamfanoni suka shiga ƙera ƙananan na'urori na tafiya. Ta gida, irin AirSense 10 ta kamfanin ResMed, nauyinta kusan kilo ɗaya da kwata ne, ga tankin ruwa, ga doguwar waya da tubalin caji, wato ɗan akwatin nan da ke jikin wayar yana juya wutar soket. AirMini, wadda kamfanin ya fitar a 2017, giram 300 ce, tana zama a tafin hannu. Z2 ta kamfanin Breas ma kusan haka take, Transcend Micro kuwa ba ta kai giram 250 ba. Matsin da suke bayarwa daidai yake da na manyan, wannan ba abin shakka ba ne. Amma ƙanƙanta tana da abin da take ci. Ba su da tankin ruwa mai ɗumama iska. A madadinsa ana sa wani ɗan faifai kusa da takunkumin da ke kai iskar tiyo hanci ko baki, wanda ke kama danshin numfashin da mutum ya fitar ya mayar masa idan ya shaƙa. Dabara ce mai kyau, ba ruwa ba wuta, sai dai ba ta kai tururin tanki ba idan iskar wuri ta bushe sosai, kuma faifan yana da wa'adi, na AirMini kwana 30 ne daga ranar da aka buɗe shi. Ƙarar su ma ta ɗan fi ta manyan kaifi, domin babu wurin da za a cusa abin da zai shanye sauti, kuma mai barci ya fi jin ta a cikin tiyo kusa da kunne. Wasunsu ba sa karɓar kowane takunkumi sai nasu ko wanda aka yi wa mahaɗi na musamman. Wanda ya shafe watanni kafin ya sami takunkumin da ya zauna masa a fuska ya san wannan ba ƙaramin asara ba ne.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba sa ganowa sai sun buɗe kwali: galibin waɗannan ƙananan na'urori ba su da batir a cikinsu. Soket suke nema kamar ta gida. Batirin daban ake sayensa, kuma sau da yawa ya fi na'urar kanta nauyi. Saboda haka a ganina tambayar da ake fara yi, wato wace na'ura ce ta fi ƙanƙanta, ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce: wutar da na ɗauko za ta kai ni asuba?

Amsar lissafi ce, kuma lissafin ba shi da wuya idan aka riƙe ma'auni ɗaya. Wat shi ne yawan wutar da na'ura ke ci a lokacin da take aiki. Wat-awa, wanda ake rubutawa Wh a jikin batir, shi ne abin da ke cikin rumbu. Na'urar da ke cin wat 10 in ta yi awa 8 ta cinye wat-awa 80. Shi ke nan. Abin da ke rikita mutane shi ne masu sayar da batir sun fi son buga wata lamba mai ƙatuwar fuska, ta mAh, saboda dubbai suna cika ido. Amma mAh ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an san bolt. Ana ninka ta da bolt ɗin batirin a raba da 1,000. Ma'ajiyar caji ta waya da aka rubuta wa 20,000 mAh, ƙwayoyin cikinta bolt 3.7 ne, don haka wat-awa 74 ke cikinta. Ka ga ba ta ma kai 80 ɗin da muka misalta ba, tun kafin a cire abin da ke salwanta a hanya, domin duk lokacin da aka canza wuta daga wani bolt zuwa wani, wani kaso yana tafiya a zafi. Batura biyu za su iya ɗaukar lambar mAh iri ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya sau uku a abin da ke cikinsa, saboda bolt ɗinsu ya bambanta. Wanda ya saba duba Wh ba za a rufe shi da wannan ba.

Wat 10 ɗin nan misali ne na kawo, ba hukunci ba. Abin da na'urar mutum ke ci ya dogara da abubuwa da dama, kuma ba girmansu ɗaya ba. Farfelar da ke tura iska ba ta da ci sosai. Mai ci shi ne zafi. Farantin da ke ɗumama ruwan tanki da siririyar wayar da ke ɗumama tiyo sun fi farfelar cin wuta ninkin ba ninkin, shi ya sa tubalin cajin AirSense 10 yake wat 90, na AirMini kuwa wat 20 ne kawai. Mu ce na'ura ta koma cin wat 40 saboda an bar ɗumi a kunne. Batiri mai wat-awa 95 ba zai kai awa biyu da rabi ba. Mutum ya kwanta ƙarfe sha ɗaya, kafin ƙarfe biyu na dare an yi ɗif. Batirin nan ɗaya, da an kashe ɗumin tanki da na tiyo, zai iya kai shi safe. Wannan ita ce magana mafi tsada a duk wannan fashin baƙi: a kan batir, a kashe ɗumi. Wanda hancinsa ke bushewa yana iya barin ruwa a tanki ba tare da kunna farantin ba, iska ta bi ta kansa ta ɗebi ɗan danshi, ko ya yi amfani da faifan nan mai mayar da danshi.

Bayan zafi sai matsi. Mai buƙatar santimita 15 zai cinye batir da sauri fiye da mai buƙatar 7, saboda haka idan kwali ya ce batir yana yin awa kaza, a nemi a kan wane matsi aka auna. Na'ura mai sarrafa kanta kuma cinta ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daren da mutum ya kwanta rigingine, ko mura ta toshe masa hanci, ko ya sha maganin barci ko giya, hanyar iska ta fi saurin rufewa, na'urar ta ƙara matsi, batir ya ji a jikinsa. Sai yoyo. Takunkumin da ke fitar da iska ta gefe, ko bakin da ke buɗewa cikin barci, yana sa farfela ta ƙara gudu don cike giɓin, dare guda tana hura iskar da ba ta shiga huhu. Tsohon takunkumi da robarsa ta saki ɓarawon batir ne da ba a zarginsa.

Akwai wata ɓarna kuma da ake yi da hannu ba a sani ba. Batir wutar da ke gudu hanya ɗaya yake ajiyewa, ita ce kuma sifaf take ci. Wutar soket ta bango kuwa mai kai da komowa ce. Idan mutum ya sayi babban akwatin caji mai soket irin ta bango ya soka tubalin na'urarsa a ciki, inbata ta juya wutar batir zuwa irin ta bango, tubalin kuma ya sake juya ta zuwa inda ta fito. Juyi biyu, asara biyu, ga fankar da ke sanyaya inbatar tana cin nata. Hanya mafi tsimi ita ce wayar da ke ɗaukar wuta kai tsaye daga batir zuwa na'ura. Sai dai a nan ne ake buƙatar natsuwa, domin ba bolt ɗaya na'urori ke ci ba. Na ResMed da na ambata bolt 24 ne, DreamStation ta Philips bolt 12 ce, ƙaramar kafar cajin waya ta gama-gari kuwa bolt 5 take bayarwa. Don bakin waya ya shiga rami ba shi ke nuna ta dace ba. Wayar da aka yi wa na'urar takamaimai ake nema, wadda ke ɗaga bolt ko ta sauke shi zuwa abin da na'urar ke so. In kuwa dole sai an bi ta inbata, a nemi mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta bango, domin mai arahar tana iya cutar da ɓangaren ɗumama ruwa a wasu na'urori.

Batirin mota yana jan hankalin mai doguwar tafiya, tunda ga shi nan a kusa. Amma an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci ya tayar da inji, ba don a tsotse shi dare guda ba. Yana iya kai mutum safe, mota kuma ta ƙi tashi, kuma maimaita haka yana kashe shi. Gara a yi cajin batirin na'ura a mota lokacin da ake tafiya, da dare a raba su. Barin inji a kunne ana barci a ciki don a sami wuta kuwa ganganci ne da rai, saboda hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. Ga masu kwana a daji ko zango, faifan hasken rana yana taimakawa, da sharaɗin a tuna cewa lambar da aka rubuta a jikinsa ta tsakar rana ce mai haske tas, kuma batir yake cikawa da rana, ba na'ura yake kunnawa da dare ba. A irin wannan tafiya da ba jirgi a cikinta, batirin litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet ya fi kwanciyar hankali: ya ɗan fi nauyi, amma ya fi jure maimaita caji, kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. Kowane irin litiyam ne dai, sanyi mai tsanani yana rage abin da yake bayarwa, ba a cajinsa idan sanyi ya kai na daskarar da ruwa, zafin motar da aka rufe a rana kuma yana tsofar da shi.

Da an zo maganar jirgin sama, lissafin nan na wat-awa sai ya koma doka. Ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, da hukumomin sufurin sama suke bi tana da matakai. Batirin litiyam da bai wuce wat-awa 100 ba ana shiga da shi. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, kuma guda biyu ne iyaka. Wanda ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja. Wannan ne ya sa za ka ga baturan sifaf na tafiya suna tsayawa a casa'in da wani abu. Babban akwatin cajin da ya yi wa mutum kwana uku a zango, a filin jirgi za a raba shi da shi. Batirin da ba ya cikin na'ura kuma a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwatin da ake aunawa a tura ƙarƙashin jirgi ba, a kuma rufe bakinsa don kada ya haɗu da makulli ko tsabar ƙarfe. Dalilin a fili yake: idan litiyam ya kama wuta a inda mutane suke, ma'aikatan jirgi za su gani su kashe, a ƙasa kuwa ba mai gani. Lambar Wh ta kasance tana karantuwa a jikinsa, domin jami'in da bai ga lamba ba yana da ikon hanawa.

Wannan fanni yana ƙara tsauri. A ranar 28 ga Janairun 2025 wani jirgin Air Busan ya kama da wuta a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi, daga ma'ajiyar kaya ta saman kujeru, kuma masu bincike sun fi zargin ma'ajiyar caji. An fitar da kowa da rai, amma jirgin ya ƙone. Bayan haka Koriya ta Kudu ta tsaurara dokarta, kamfanoni irin su Singapore Airlines da Emirates suka hana amfani da ma'ajiyar caji a cikin jirgi. Ga mai sifaf wannan na nufin kada ya ɗauka abin da ya wuce da shi bara zai wuce bana. Ya tuntuɓi kamfanin tun da wuri, ya bayyana cewa batirin na'urar lafiya ne, ya nemi amsa a rubuce.

Ɗaukar na'ura cikin jirgi daban, amfani da ita a sama daban. A dokar Amurka ana ɗaukar sifaf a matsayin kayan taimakon lafiya, ba a lissafa ta cikin adadin jakar hannu. Amma wanda zai kunna ta a cikin jirgi, kamfani na iya neman ya sanar awa 48 kafin tafiya, ya kuma zo da cikakken batirin da zai yi kashi 150 cikin ɗari na tsawon tafiyar. Tafiyar awa 10, batirin awa 15. Kamfanoni da yawa a wasu ƙasashe ma sun ɗauki irin wannan sharaɗi. Soket ɗin kujera ba abin dogaro ba ne, yana iya kasancewa a kashe, ko a canza jirgi a ba ka wanda ba shi da shi. A sama ba a zuba ruwa a tanki, domin jirgi na girgiza ruwa ya kwarara cikin inji ko tiyo. A wurin bincike sau da yawa za a ce a fito da na'urar daga jakarta, don haka farar leda mai tsabta tana da amfani, don kada abin da ke kai iska huhunka ya kwanta a tiren da takalma suka bi. Takardar likita mai ɗauke da sunan ciwon da matsin da aka rubuta tana sauƙaƙa magana da jami'ai, tana kuma ceton mutum idan na'urar ta lalace a wata ƙasa ya tashi neman wata. Ko ba za a kunna ta a jirgi ba, ban ga hikimar sa ta a akwatin ƙasa ba, tunda akwati yana iya sauka a wani gari kai kana wani.

Wutar ƙasashe kuwa ba ta da matsala sosai. Tubalin cajin na'urorin zamani yana karɓar bolt 100 zuwa 240, kan soket ne kawai ke bambanta, sai mahaɗi da doguwar waya, tunda ba kowane masauki ke da soket kusa da gado ba.

Tsawo daga doron teku ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Iska tana sirancewa idan an hau sama, farfela kuma sai ta ƙara gudu kafin ta ba da matsin da aka saba. Na'urorin yanzu suna gyara wannan da kansu har zuwa wajen mita 2,500, wanda ya rufe matsin cikin jirgi, tunda shi ana riƙe shi daidai da tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Amma a kan tsaunuka wani abu daban yana tasowa. Ƙarancin oksijin yana sa ƙwaƙwalwa ta riƙa jinkirta umarnin numfashi a cikin barci, ko da hanya a buɗe take, kuma wannan tokarar iska ba ta maganinsa. Wani gwaji da aka yi a tsaunukan Suwizalan, aka buga a 2012, ya nuna cewa haɗa sifaf mai sarrafa kanta da wani magani mai suna asetazolamid ya fi na'urar ita kaɗai. Wannan shawara ce ta likita, a neme ta kafin a ɗaure kaya.

To idan batir ya mutu tsakar dare fa, mutum zai shaƙe? Tambaya ce da ke hana wasu barci, kuma ta cancanci amsa a fili. Takunkumin sifaf yana da 'yan ramukan da iska ke fita, mai rufe hanci da baki kuma yana da wata 'yar ƙofa da ke buɗewa da kanta idan matsi ya ɗauke, iskar ɗaki ta shigo. Abin da aka saba gani shi ne mutum ya farka ya cire takunkumin, wanda shi ne daidai, domin ba a son a daɗe da shi a fuska na'ura na kashe. Abin da ya rage na daren dai ba magani. Ramukan nan kada a toshe su da sunan rage ƙara ko tsimin batir. Wannan kwanciyar hankali kuma ta mai toshewar maƙogwaro ce kawai. Wanda ke dogara da na'ura saboda raunin tsokar numfashi ko ciwon huhu, ko wanda ake haɗa wa oksijin, nasa lissafin na rai ne, batir biyu da shirin likita ne mafi ƙarancin abin da zai fita da shi.

Dole in yi magana a kan wani abu da ya cika shagunan intanet, wato 'yar roba da ake cusawa a hanci, ba tiyo ba takunkumi, ana tallarta da sunan ƙaramar sifaf. Tunanin ya yi tashe ne a 2015, lokacin da wani kamfani a Amurka ya tara fiye da dala miliyan ɗaya daga jama'a don ƙera irinta, amma hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, ba ta amince da wata na'ura irin wannan a matsayin maganin ciwon ba. Waɗanda ake sayarwa kwaikwayon hotonta ne. Duk wanda ya bi lissafin da muka yi zai gane da kansa: batirin da bai fi ƙwayar magani ba ba zai riƙe matsin santimita 10 na awa 8 ba. Haɗarinta shi ne mutum ya bar sahihiyar a gida yana zaton ya tafi da magani. Mai sayen na hannu kuma ya sani cewa a watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, har da ƙaramar DreamStation Go, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya ruɓewa ya bi iska. A duba lambar na'ura a tabbatar an gyara ta ko an canza ta.

Ko lallai ne mai sifaf ya sayi ta biyu don tafiya? A ganina ba kowa ba. Wanda ke tafiya sau biyu a shekara a mota, ta gida da batir mai kyau da wayar da ta dace sun ishe shi, kuma zai kwana da takunkumin da fuskarsa ta sani. Ƙaramar tana biyan wanda ke yawan hawa jirgi, ko mai goya kayansa a baya, ko wanda ya san ransa cewa in dai kayan sun yi nauyi zai bar su a gida. In an saye ta, likita ko ma'aikacin da ke kula da mutum ne zai saita mata matsin da ke kan ta gida, domin ba ta zuwa da shi daga kanti. Masu ciwo mai sauƙi kuma suna iya tambayar likita game da abin da ake sawa a baki yana turo muƙamuƙin ƙasa gaba, wanda ba ya buƙatar wuta ko kaɗan, amma sai an auna an ga yana yi musu aiki.

Kowace aka zaɓa, ba a fafe gora ranar tafiya. Mako ɗaya ko biyu kafin a tashi, a cika batir, a zare na'ura daga bango, a haɗa ta daidai yadda za a haɗa ta a can, da waya ɗaya da takunkumi ɗaya, ɗumi a kashe, a kwana a kan gadon gida. Da safe a duba abin da ya rage a batir, a duba kuma rahoton da na'urar ko manhajarta ta bayar: sau nawa numfashi ya tsaya a awa, yoyo nawa aka yi. Dare ɗaya ba ya isa, tunda darare ba sa kama da juna, a yi biyu ko uku a ɗauki mafi muni. Idan saura kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, an sami rarar da za ta ɗauki daren mura ko na sanyi. Idan kuwa na'urar ta ɗauke kafin asuba, a fara duba ko wani ɗumi ya rage a kunne, sannan yoyon takunkumi, sannan ko wutar tana bi ta inbata. A gyara ɗaya, a sake kwana. A auna kuma awa nawa batirin ke ɗauka kafin ya cika daga ƙasa, domin a tafiyar da ta wuce dare ɗaya, wannan lambar ce za ta nuna ko batir ɗaya ya isa ko sai an ƙara na biyu.